Tambaya: wai ƙwayoyin gadon da ke sa kifi zama mace su ne kuma ke da hannu a sakin ƙwai?

ɗalibar_kifi ta rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Don Allah masana a agaza min, wallahi kaina ya kulle. Kwas ɗin kiwon kifi nake yi, an ba mu aikin rubutu a kan ƙwayoyin gadon da ke sarrafa homon ɗin sitiroid a jikin kifi da yadda abin ya shafi hayayyafa, to sunayen kam na haddace su, star, cyp11a1, hsd3b, cyp17a1, cyp19a1a, hsd11b2 da sauransu, amma in aka ce in faɗi wanne ke bin wanne ko me ya sa sai in tsaya cak.

Abu biyu ne suka fi damuna. Na ɗaya, a firatikal an yi wa matan tarwaɗa allurar sa su saki ƙwai, dukkansu ciki ya cika tim, da lokaci ya yi wasu ana taɓa cikin ƙwai na zubowa, wata kuwa ko an matsa ba abin da ke fita sai ɗan ƙwai a dunƙule haɗe da jini, alhali allura iri ɗaya ce kuma an auna nauyin kowacce. Na biyu, an ce 'ya'yan karfasa in aka riƙe su a ruwa mai zafi suna ƙanana sai yawancinsu su fito maza ko da a gadonsu mata ne. Malaminmu ya ce wai duk labari ɗaya ne, ya wuce bai tsaya bayani ba. Ta yaya sakin ƙwai da zama namiji za su zama labari ɗaya? Duk wanda ya gane don Allah ya yi min gwari gwari.

malamin_lab ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminku gaskiya ya faɗa, taƙaitawa ce dai ya yi da yawa. Ki bar haddar sunayen ɗaya ɗaya, ki ɗauke su a matsayin hanya guda mai mararraba, kowace ƙwayar gado tana samar da enzayim ɗin da ke tsaye a wani wuri a kan hanyar, homon ɗin da kifin zai samu a ƙarshe ya danganta ne da inda ke buɗe da inda ke rufe a daidai wannan lokacin.

Mafarin duka kolestirol ne. Furotin ɗin star shi ke shigar da kolestirol cikin maitokondiriya, wani ɗan ɓangare a cikin sel, shi ba enzayim ba ne ɗauka kawai yake, kuma a nan ne aikin ya fi jan ƙafa shi ya sa in homon LH, wanda fitutari da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke saki, ya iso star na cikin na farkon da ke tashi. A ciki cyp11a1 ya datse wa kolestirol jela ya zama firegninolon, sai hsd3b da cyp17 su yi nasu a samu wani sinadari da ake taƙaita sunansa 17-OHP. To nan ne babbar mararrabar, ki sa mata alama da jan biro.

Lokacin da mace ke gina ƙwai, cyp17a1 yana aiki biyu, bayan ya taimaka an samu 17-OHP yana kuma yanke wani ɓangare a samu andirostindayon, hsd17b ya mai da shi testostiron, sai aromatas wato cyp19a1a ya juya testostiron ɗin zuwa estiradayol. Ki lura fa, mace sai ta bi ta homon ɗin maza kafin ta kai ga nata. Kuma ba sel ɗaya ke yin aikin duka ba, kowane ƙwai yana lulluɓe da riga biyu, ta waje tika ita ke yin testostiron, ta ciki giranulosa ita ke da aromatas, wannan Nagahama da abokan aikinsa a Japan suka nuna shi a kifin samon na amago a farkon shekarun 1980, sun raba rigunan biyu suka ga in aka ware kowacce ita kaɗai ba a samun estiradayol ɗin kirki sai an haɗa su. Estiradayol ɗin ya bi jini ya tafi hanta, hanta ta kunna ƙwayoyin gadon vtg ta fara zubo bitelojenin, furotin ɗin da ke zama gwaiduwa, ƙwan ya dinga zuƙa yana tara gwaiduwa. Cikin nan da kika gani ya cika tim aikin wannan matakin ne kawai. Cikar ciki shaida ce ta cewa estiradayol ya yi aikinsa, ba shaida ba ce ta cewa ƙwan ya shirya fita.

Kafin ƙwai ya fita dole jikin ya juya akala gaba ɗaya. LH ya yi ambaliya daga fitutari, cyp19a1a ya yi ƙasa, aikin yankan nan na cyp17a1 ya ja baya, sai ɗan'uwansa cyp17a2 ya karɓi wurin, shi kuwa cyp17a2 aiki ɗaya kawai ya iya, zai kai ki 17-OHP ya tsaya ba ya wucewa zuwa homon ɗin maza, an gano shi ne a 2007 a karfasa. Sai 17-OHP ya taru, enzayim ɗin 20β-HSD da ke cikin giranulosa ya mai da shi DHP, wanda shi ne homon ɗin nunar da ƙwai a yawancin kifayen da aka bincika, Nagahama da Adachi suka tabbatar da shi a 1985. Wasu kifayen teku irin su kuroka na Atilantika wani ɗan'uwansa suke amfani da shi mai suna 20β-S.

DHP ɗin ma aiki biyu yake yi ta ƙofa biyu, kuma ina ga nan amsar tambayarki ta farko take. Ta kan fatar ƙwan akwai mai karɓar homon ɗin da ake kira mPR, wanda ɗakin binciken Peter Thomas a Texas ya bayyana a 2003, shi ke sa ƙwan ya nuna, cibiyarsa ta matsa gefe ta narke. Ta cikin sel ɗin rigar kuma akwai pgr, shi ke sa rigar ta tsage ƙwan ya faɗo. An kashe pgr a kifin zebra, matan suna gina ƙwai, ƙwan yana nuna lafiya lau, amma ya maƙale a cikin riga ba ya fita, ba sa haihuwa sam. Don haka tarwaɗarku ɗayan biyu ne, ko dai ƙwanta bai gama tara gwaiduwa ba, rigar ba ta kai matsayin juyawa daga estiradayol zuwa DHP ba sai allurar ta tashi a banza, ko kuma ta juya ɗin amma aka matse ta kafin rigunan su tsage, shi ne za ki ga ƙwai a dunƙule da jini domin da ƙarfi ake fizgo shi daga jikin jakar ƙwan.

mai_ƙyanƙyasa ya rubuta:

Malam Allah ya ƙara basira, wannan bayani ya yi daidai da abin da hannu ke gani. 'Yar'uwa bari in ƙara miki ta ɓangarenmu na masu aikin. Allurar nan da ake yi ba ita ke nunar da ƙwai kai tsaye ba. In Ovaprim ce, homon GnRH ne na roba haɗe da domferidon, rabin mililita a kowane kilo, GnRH ɗin ya taɓa fitutarin kifin ya saki LH ɗinsa, domferidon kuma ya danne dofamin da ke hana LH ɗin fita, domin tarwaɗa a tanki matsalarta kenan tana gina ƙwai sarai amma ambaliyar LH ɗin ba ta zuwa da kanta. In kuma fitutarin wani kifin aka niƙa aka yi mata to LH ɗin ne aka ba ta kai tsaye. Ko wanne ne dai sauran aikin yana hannun waɗancan ƙwayoyin gadon da malam ya lissafo, in ba su shirya ba ko kin ninka allura asara ce.

Shi ya sa ni ba na yarda da girman ciki. Ki sa siririn tiyo ta mafitar ƙwai ki zuƙo kaɗan ki zuba a kan gilashi, in ƙwan girmansa ɗaya duk ya kai milimita 1 ko ya ɗan wuce, a warware yake, to bismillah. In kika ga manya da ƙanana a cakuɗe ko fari fari a ciki ki mayar da ita ruwa. Masu lab suna ɗiga ruwan Serra, barasa kashi 6 fomalin kashi 3 asid ɗin asetik kashi 1, ƙwan ya washe ki ga cibiyar da idonki ko tana tsakiya ko ta fara matsawa gefe. Sannan zafin ruwa, a digiri 25 wajen awa 11 zuwa 12 ake jira, in ruwan ya fi ɗumi lokacin ya ragu sosai, wanda ya riƙe adadin awoyi iri ɗaya kullum a kansa ba ya duba ma'aunin zafi shi ne ko ya matse da wuri ko ya makara ƙwan ya wuce.

Ni ma ina da tambaya tunda an taɓo karfasa. Muna sa metiltestostiron, homon ɗin maza na roba, miligiram 60 a kilo ɗaya na abincin 'ya'yan tsawon kwana 21 zuwa 28 don su fito maza, amma kullum sai an samu 'yan matan da suka zille su cika tafki da hayayyafa. Akwai masu cewa a ninka maganin kawai a huta, ni dai hankalina bai kwanta ba, me masana suka ce?

malama_jinetiks ta rubuta:

Ɗan'uwa don Allah kar ka ninka, hankalinka da bai kwanta ba gaskiya ya gaya maka. Metiltestostiron ɗin nan aromatas yana iya kama shi ya juya shi zuwa wani nau'in estirojin, wato homon ɗin mata, so in ka cika shi da yawa ko ka daɗe kana bayarwa a wasu kifayen sai ka ga mata sun ƙaru maimakon su ragu, ko a samu masu jakar haihuwar da ta cakuɗe tsakanin ta mace da ta namiji. A tarwaɗar Amurka ta channel ma homon ɗin maza mata yake fitarwa. Matan da ke zille maka yawanci matsalar lokaci ce ko ta ci, ko dai an fara ba su bayan sun girma jakar ta riga ta ɗauki hanya, ko manya daga cikinsu na hana ƙananan ci, ko suna ƙoshi da gansakukar ruwa ba sa cin abincin maganin yadda ya kamata. Ka tace su girmansu ya zama ɗaya ka fara da zarar sun shanye gwaiduwa sun fara ci. Kuma don Allah safar hannu da abin rufe hanci wajen haɗawa, ruwan tankin ma kar a sake shi kai tsaye cikin rafi.

Ƙanwata ke kuma ga tambayarki ta biyu. A yawancin kifayen da aka bincika, jakar haihuwa ba ta zama ta mace sai da estiradayol, kuma ba ta ci gaba da zama ta mace sai da shi, wannan ne bambancinsu da dabbobi masu shayarwa. Tunda kuma cyp19a1a ne kaɗai ƙofar samunsa a jakar, duk abin da ya taɓa shi ya taɓa jinsi. An kashe cyp19a1a a kifin zebra da dabarun gyaran ƙwayar gado irin su CRISPR wajen 2016, ɗakunan bincike daban daban, sakamako ɗaya, duka suka fito maza. Abin da ya fi ba ni mamaki har yau shi ne na 2013 da aka ɗauki manyan mata na karfasa da medaka waɗanda sun riga sun balaga, aka daɗe ana ba su maganin da ke toshe aromatas, jakar ƙwansu ta koma ta fara yin maniyyi. Wato mace baligar ma kullum riƙe matsayinta take da wannan enzayim ɗin.

Ba wai kifin ba shi da gadon jinsi ba ne fa, karfasar Nilu XX da XY take, XX mace XY namiji, a dangogi da yawa nata ƙwayar amhy ce ke sa namiji, medaka kuma dmy wadda aka gano a 2002. Amma waɗannan ba su suke gina jakar da kansu ba, umarni suke turawa ƙasa, in dmrt1 ya yi ƙarfi ya danne cyp19a1a sai maraina, in foxl2 ya yi ƙarfi ya ɗaga shi sai jakar ƙwai. Zafi yana shigowa ne a tsakiyar wannan umarnin. 'Ya'yan karfasa XX in aka sa su a digiri 36 daga wajen kwana 10 bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi na tsawon kwana 10 ko fiye, cyp19a1a ba ya tashi yadda ya kamata, da yawansu su zama maza masu maniyyi na gaske duk da XX ɗin na nan, kuma ba kowane dangi ke amsawa daidai ba, wani kusan duka su juya wani kaɗan, abin ana gadonsa.

Ta yaya zafin ke kaiwa ga ƙwayar gadon, hanya biyu aka fi nunawa. Ɗaya a kifin bas na tekun Turai, rukunin Piferrer a Basalona sun nuna a 2011 cewa zafi yana ƙara liƙa wani ɗan sinadari mai suna metil a kan farkon cyp19a1a inda ake kunna shi, sai ya kasa kunnuwa. Ɗayar kuma kotisol ce, homon ɗin wahala. Zafi wahala ne ga ɗan kifi, kotisol ya hau, a kifin fulanda na Japan an ga kotisol yana danne aromatas, a kifin pejerrey na Kudancin Amurka kuma an ga yana ɗaga hsd11b2 wanda ke ƙara homon ɗin maza. Kin ga labarin malaminku kenan, cyp19a1a ɗin da dole ya sauka a babbar mace kafin ta nunar da ƙwai, in ya sauka a jaririya kafin jaka ta ginu namiji za a samu, lokaci ne ya bambanta.

ɗalibar_kifi ta rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wallahi yanzu na ga inda aka dosa, na zana hanyar a takarda har da mararrabar 17-OHP ɗin. Malama saura abu biyu, kin ambaci hsd11b2 a wajen maza alhali ni a littafi na gan shi a wajen kotisol, sannan shi cyp19a1b fa mene ne aikinsa tunda kun ce cyp19a1a ne na jaka?

malamin_lab ya rubuta:

Littafin bai yi kuskure ba ƙanwata, enzayim ɗaya ne ke aikin biyu. A kifi babban homon ɗin namiji ba testostiron ba ne, 11-ketotestostiron ne, a taƙaice 11-KT, kuma enzayim biyu ke ƙarasa shi, cyp11c1 wanda wasu takardun ke kira cyp11b, sai hsd11b2. To cyp11c1 ɗin nan shi ne dai ke yin matakin ƙarshe na haɗa kotisol, hsd11b2 kuma shi ke kashe ƙarfin kotisol ya mai da shi kotison. Shi ya sa in kotisol ya yi yawa jiki ya ɗaga hsd11b2 don ya rage shi, a garin haka 11-KT ya ƙaru. Ƙarfin 11-KT kuwa Miura ya nuna shi a 1991 da gutsuren marainan kifin il na Japan a cikin faranti, homon ɗin nan shi kaɗai ya kai sel ɗin tun daga farko har suka zama maniyyi. A tarwaɗa ma akwai abin sha'awa, marainan suna fitar da wanda bai ƙarasa ba ne, hanta ce ke ƙarasa shi zuwa 11-KT.

cyp19a1b kuwa na ƙwaƙwalwa ne. Kakannin kifaye masu ƙashi sun ninka duk kundin gadonsu sama da shekara miliyan 300 da suka wuce, shi ya sa kike ganin a da b a sunaye da yawa, kwafi ɗaya ya zauna a jaka ɗaya a ƙwaƙwalwa, a cikin sel ɗin giliya waɗanda ke haifar da sababbin sel na ƙwaƙwalwa. Shi na ƙwaƙwalwar estirojin da kansa ke kunna shi, don haka da ɗan estirojin kaɗan a ruwa sai ya tashi sama, har an mai da shi ma'aunin gurɓatar ruwa da 'ya'yan kifin zebra masu haske. Kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce, ki saka ta a aikinki. A Kanada, Karen Kidd da abokan aikinta sun zuba estirojin ɗin da ke cikin ƙwayar tsarin iyali a wani tafkin gwaji a Ontario daga 2001 zuwa 2003, nanogiram 5 zuwa 6 kacal a lita, mazan wani ƙaramin kifi suka fara yin bitelojenin kamar mata, wasu har da ƙwai a marainansu, cikin 'yan shekaru kifin ya kusa ƙarewa a tafkin. A kogunan Ingila ma an samu irin wannan cakuɗewar jinsi a kifin roch a ƙasan inda ake sako ruwan masai da aka tace.

Kar ki manta da ɓangaren kawar da homon ɗin ma tunda taken aikinki sarrafawa ne ba haɗawa kawai ba. Dangin ugt da sult su ke liƙa wa sitiroid wani abu ya narke a ruwa ya fita ta fitsari da matsarmama, kuma abin da ya fita ba shara ba ne kawai, a kifin zinari DHP ɗin da mace ke saki a ruwa namiji na shinshina shi LH ɗinsa ya hau maniyyinsa ya ƙaru kafin ta saki ƙwai, a tarwaɗa kuma masu bincike a Utrecht ta Holan sun nuna irin waɗannan sinadaran daga jikin namiji suna jawo macen da ta shirya.

malama_jinetiks ta rubuta:

Malam ya gama magana, abu ɗaya zan ƙara saboda na san daga rubutu za a ce ki je lab. In kika auna cyp19a1a da qPCR, gwajin da ke auna yawan kunnuwar ƙwayar gado, kika ga ya hau, saƙon RNA kika auna ba enzayim ba kuma ba homon ba, ɗalibai da yawa nan suke zamewa su rubuta estiradayol ya ƙaru alhali ba su auna shi ba. Ki ɗebi jini ki auna estiradayol da DHP ko 11-KT da gwajin homon na ELISA a kifin da kika ɗauki jakarsa, ki yanka gutsuren jakar ki duba matakin ƙwan a madubin lab, sai ki jera ukun. Kuma ki rubuta awa nawa bayan allura kika ɗauki kowane samfur da zafin ruwan a lokacin, domin DHP hawa yake da sauri ya sauko da sauri, in samfur ɗaya kika ɗauka bayan an gama matsar ƙwai za ki iya samunsa a ƙasa ki ɗauka bai taɓa hawa ba. Firaima ɗinki ma, wato gajerun jerin DNA da ke kamo ƙwayar gadon a qPCR, ki gwada su da kyau kar na cyp19a1a ya kama cyp19a1b, ko na cyp17a1 ya kama cyp17a2, jerinsu na kama da juna a wurare da dama.